Shari'ar Gyaran Alhaji Bawa

Aikin farko da aka ba ni bayan na sa baƙar riga da hular lauyoyi shi ne in kwanta a ƙarƙashin mota. Maigidana a Gusau, wani tsohon lauya mai gajen haƙuri, ya miƙo mini tocila da burushin ƙarfe da fensir da farar takarda, ya ce in tafi tashar Ƙauran Namoda in kwafo masa lambar shasin wata gingimari da mutum biyu ke rantsuwa kowa tasa ce. Na ce masa ai lambar tana cikin takardun da ke gabansa. Ya dube ni ta saman tabarau, ya tambaye ni ko a makarantar da na yi an gaya mana cewa mala'iku ne ke cika takardun mota. Na tafi. Na shimfiɗa kwali na kwanta cikin baƙin mai, 'yan kamasho sun kewaye ni suna yi wa sabon takalmina kirari. Na kankare tsatsa, na ɗora takarda a kan ƙarfen na goga fensir, sai ga lambobi biyu na ƙarshe sun fi 'yan uwansu tsawo. Wani ya goge na asali ya buga nasa. Da wannan takarda mai tabon mai muka ci shari'ar, kuma ba a tambaye ni ko kalma ɗaya daga cikin Latancin da na haddace ba.

Ina kawo wannan ne saboda ku matasan da kuke zuwa ofishina a Ƙaura neman gurbin koyon aiki. Kowa ya zo da waya mai tsada, ya zauna ya ɗora ƙafa kan ƙafa ya ce shari'ar mota ai mai sauƙi ce, daga haɗari sai inshora. Na ji. Ku zauna tukuna.

Mutanen da za ku yi wa aiki ba sa karanta abin da suka sa wa hannu, kuma ba don jahilci ba. A wurinsu magana ta ƙare tun lokacin da aka yi musabaha, takarda kuwa ladabi ce da ake yi wa baƙo. Mai mota daga Zurmi zai ɗaure maka rago a ƙofar ofis kafin ya gaya maka abin da ya kawo shi, in ka ce ya kwance sai ya ɗauka an riga shi zuwa wurinka. Direba zai rantse yana tafiya a hankali, alhali motar ta tsallake kwalbati ta kwana a gonar dawa. Shaidu ba su san lambar mota ba, sun san sunan da aka rubuta a bodinta, shi kuma bodin katako ana iya cire shi daga wannan mota a ɗora wa waccan cikin kwana biyu. Na shekara fiye da ashirin a cikin irin wannan, tsakanin tashar Ƙaura da ta Shinkafi da kasuwar Moriki, har aka daina kirana da sunana, sai lauyan mota. Daga baya na koma kan yarjejeniyar wakilci, wato takardar da kamfanin motoci ko babura ke yi da ɗan kasuwa, ya ba shi yanki guda ya ce shi kaɗai zai sayar da kayansa a nan. Kamfani a Legas zai rubuta shafi arba'in da Turanci. Mutuminmu zai sa hannu a shafin ƙarshe, ya yi hoto da manaja, ya ajiye takardar a ƙasan akwati tare da hular aurensa.

Alhaji Bawa Mai Mashin yana cikin waɗannan. Shi ne wakilin wani kamfanin babura a Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, tun lokacin da babur ya zama abin da manomi ke iya saya in damina ta yi kyau. Shagonsa na kan babban titi, da allon kamfani mai launi a sama, kuma 'ya'yansa maza uku da mutane kusan goma a nan suke ci. Mutum ne gajere mai yawan dariya, wanda in ka je gaishe shi ba ka fita hannu biyu. Kowa ya san gyara a kasuwa: ka sayi tiya biyu ta gero, mai awo ya ƙara maka tafi guda a kai, ba ka roƙa ba, ba ka biya ba. To Alhaji Bawa da hatsi ya fara kasuwanci, kuma da ya koma babura bai ga dalilin da zai sa ya daina halin kirki ba. Babur ba ya ɗibuwa a tafin hannu, don haka ya nemi abin da zai ɗora. Kariyar da kamfani ke sawa a baya, ƙarfen nan da ake ɗaure kaya a kai, siririya ce, an ƙera ta ne don jakar ma'aikacin ofis. A hanyar Badarawa, da buhu biyu na gero da tunkiya a sama, ba ta kai wata guda take lanƙwashewa. Sai Alhaji ya sa Mamman, mai walda da ke jikin shagonsa, ya riƙa cire ta yana sa mai kauri, ya ƙara sifirin ɗaya a kowane gefe. Kowane babur da ya fita daga shagon da wannan yake fita. Ni kaina na hau irinsa shekara shida, ban taɓa tunanin ina zaune a kan saɓa wa sashe na goma sha bakwai na yarjejeniyarsa da kamfani ba.

Sashen ya ce wakili ba zai canza komai a jikin kayan kamfani ba kafin ya miƙa su ga mai saye. Kuma kada ku ɗauka kamfanin wawa ne. Da kariya ta daina lanƙwashewa, mutane suka ƙara buhu na uku, nauyin ya koma kan ƙashin babur ɗin, wasu suka fara tsagewa a tsakiya ana mayar wa kamfani da su da sunan garanti. Amma shekara da shekaru ba wanda ya ce uffan, domin Alhaji na sayarwa kamar ƙosai. Jami'an kamfani suna zuwa duba shago, su ci gasasshen nama, su yaba, su tafi.

Sai muguwar shekarar nan ta zo. Kun san ta, ba sai na tsawaita ba. 'Yan bindiga suka tare hanyoyi, aka rufe kasuwannin mako, aka sa wa babur dokoki saboda da shi ake aika-aikar, layin waya ma ya ɗauke. Manomin da bai iya zuwa gonarsa ba, ba shi zai sayi sabon babur ba. Kwalayen babura suka yi ta zama a sito. Ni ma ofishina ya koma wurin shan iska, domin motar da ba ta fita ba ba ta jawo shari'a. Kamfani ya ga gara ya haɗe yankin da na wani babban wakili a Gusau, kuma kafin a yi haka sai an sami laifin da za a kori na nan. Wani a Legas ya buɗe shafi arba'in ɗin nan, mai yiwuwa karo na farko tun da aka buga su.

Alhaji ya zo ofishina da wasiƙar a cikin aljihun babbar riga, ta yi laushi don naɗewa.

"Barista, karanta mani takardag ga. Ɗiyana sun ce wai korata anka yi. Ni ko ban tuna na yi ma kowa laihi ba."

Na karanta masa. Laifi biyu suka ɗora masa: ciniki ya faɗi, kuma yana canza ƙirar babur. Sun ba shi kwana casa'in ya sauke allo ya mayar da kaya. Ya tambaye ni ko a Legas ɗin ba su ji abin da ya same mu ba. Na ce sun ji, shi ya sa ma.

Muka shigar da ƙara cewa an soke yarjejeniya ba bisa ƙa'ida ba. Batun faɗuwar ciniki bai tsorata ni ba, domin takardar da kanta ta yi sassauci in abin da ya fi ƙarfin mutum ya auku. Batun walda ne ƙashin wuya, amma na ga hanya. Kamfani na da hotunan babura masu kariya mai kauri, ba shi da shaidar wanda ya sa aka yi, ko yaushe. In mutum ya biya kuɗinsa an ba shi rasit, babur ya zama nasa, ko fukafukai ya sa masa ba ruwan sashe na goma sha bakwai. Na tambayi Alhaji ko ana rubuta rasit kafin a tura babur wurin Mamman. Ya kaɗa hannu ya ce ai duk ɗaya ne, shago ɗaya, rana ɗaya. Na rubuta a littafina cewa ya ce e. Wannan kuskurena ne, ba na Alhaji ba. Na ji amsar da nake so, ban sake tambaya ba, ni da na fara aiki da ƙin yarda da takarda.

Da maganar shaidu ta taso, mutum fiye da talatin suka zo da kansu, wasu a kan baburan da ake shari'a a kansu. Na zaɓi biyu: Malam Hassan, wani manomi daga Badarawa, da wani Bafulatani mai sayar da shanu a Moriki. Na rubuta musu bayanin rantsuwa tsaf, cewa Alhaji bai rufe shago ko rana ɗaya ba a cikin muguwar shekara, kuma ya ci gaba da kawo kayan gyara lokacin da kowa ya gudu. Duk gaskiya ne. Na zaunar da su sau uku ina nanata musu cewa abin da aka tambaye su kawai za su amsa, e ko a'a, kada su ƙara ko gishiri. Malam Hassan ya ce in kwantar da hankalina, shi ba mai yawan magana ba ne.

Lauyar kamfani wata mata ce daga Kaduna, mai sanyin murya, wadda ke gaishe ni da ladabi har na fara jin tausayinta. Daga baya na ji cewa kwana biyu kafin zama ta shiga kasuwa ta sayi albasa, mai albasa ya ƙara mata uku a kai, ta tsaya ta yi ta tambayarsa me ya sa, kuma me ake cewa da ɗan kasuwar da ba ya yi. Ni ɗan gari ina ofis ina jera hukunce-hukuncen kotun ɗaukaka ƙara.

Malam Hassan ya shiga akwatin shaida ya amince da bayaninsa. Ta miƙe ta yi masa tambayoyi uku huɗu marasa daɗi marasa ɗaci, ya amsa da e da a'a kamar yadda aka koya masa, har na jingina da kujera. Sai ta rufe fayil kamar ta gama, ta ce ta bakin tafinta:

"Malam, mu abin da muka ji shi ne Alhaji Bawa mutum ne mai riƙon hannu. Yadda babur ya fito daga kwali haka yake miƙa wa mutum, ko allura ba ya ɗorawa a kai."

Na miƙe zan yi suka, amma Malam Hassan ya riga ni.

"Wa? Alhaji Bawa? Ranka shi daɗe, wanda duk yah hwaɗi haka bai san shi ba. Mashin ukku nis saya gare shi, babu guda da nit tura waje ba da sabuwar kariya da ƙarin sifirin bisa ba. Ko sisi bai amsa ba. A tambayi Badarawa kakaf."

Ya juyo ya dube ni da fara'a, irin ta mutumin da ya fitar da ubangidansa kunya a bainar jama'a. A kujerun baya kuwa, mutanen da suka rako mu suka yi ta gyaɗa kai, wani har da kabbara ƙasa-ƙasa, sai da ɗan sanda ya tsawatar. Bafulatanin da ya biyo baya ko tambayar ba a gama yi masa ba. Ya ji abin da aka faɗa a kan Alhaji tun yana waje, ya shigo da shirinsa, ya ƙara da cewa shi har maruƙa biyu yake ɗorawa a kan tasa kariyar.

Da aka tafi hutun rabin sa'a na ja Alhaji gindin wata bishiyar maina. Na gaya masa an ji mana ciwo amma ba mu mutu ba. Sun tabbatar shi ke bayarwa, ba su tabbatar da lokacin ba. Ban ce ya yi ƙarya ba, ban taɓa cewa wani ya yi ba. Na ce ya tsaya a kan cewa babur ɗin mai saye ne, kuma kyauta ce yake yi wa mutum a kan dukiyarsa. Na tuna masa cewa allon shagonsa da abincin mutum goma sha uku suna rataye a kan wannan. Ya ce ya gane. Hankalinsa dai na kan wani abu daban, domin sau biyu yana tambayata wane ne ya je Legas ya ce shi marowaci ne.

Da aka dawo Alhaji ya shiga akwatin shaida, lauyar kamfani ta bar shi ya zauna ya gyara riga. Ta tambaye shi wa ke biyan mai walda.

"Ni. In ba ni ba, wa?"

Ta ce to, bayan mutum ya biya ya karɓi rasit ne ake tura babur wurin walda, ko kafin nan?

Na kafa masa ido. Ya gan ni sarai.

"Kahin nan, Hajiya. Daga kwali sai wurin Mamman, kana shi shigo shago. Sai mutum ya ƙirga mani kuɗin geronai na shekara, sannan shi tsaya shina dubana ko in tuna da shi? In sai ya roƙa, ai na kunyata shi. Ni ba haka anka koya mani ciniki ba."

Ta ce ba ta da sauran tambaya, ta zauna. Ban taɓa jin haushin wanda nake karewa kamar ranar ba, ban kuma taɓa jin kunyar kaina haka ba, domin abin da ya faɗa a gaban alƙali shi ne abin da zai gaya mini tun farko da na tambaye shi sau biyu.

Na yi abin da ya rage. Na ce jami'an kamfani sun shekara suna gani ba su hana ba, don haka sun yafe. Ta buɗe shafi na talatin da wani abu, inda aka rubuta cewa babu yafiya sai wadda aka yi a rubuce. Na nemi jami'in da ya fi kowa cin naman Alhaji, aka ce ya bar aiki. Mai shari'a ya yi hukunci daidai da abin da ke gabansa, ni ma da ni ne a kujerar haka zan yi. Ya wanke Alhaji daga laifin faɗuwar ciniki, ya kama shi da na walda, kuma ɗaya ya isa.

Na ba shi shawarar ɗaukaka ƙara. Ya tambaya ko a can za a sake kiransa ya yi magana. Na ce a'a, abin da ya riga ya faɗa za a karanta. Ya ce to ai za su karanta gaskiya, su yanke abin da wannan ya yanke, a bar shi haka nan. Ranar da mutanen kamfani suka zo da mota kwashe kwalaye da sauke allo, sai da ya sa aka kawo musu tuwo da miyar kuka daga gida. Babban ɗansa ya tafi Kano neman aiki, na biyu ya koma achaba, mutanen shago suka watse ɗaya bayan ɗaya. Mamman ya ci gaba da waldarsa, sai dai yanzu mai babur ke biya. Alhaji ya raba shagon biyu, ya ba da rabi haya, ya zauna a ɗaya rabin yana sayar da taya da tib da man inji.

Bayan kamar shekara uku, hanya ta ɗan lafa, wakilin Gusau ya buɗe reshe a Ƙaura, can gaba da tasha. Wata safiya Alhaji ya aiko a kira ni, ya ce in kai shi a motata, ya ji an kawo sabon samfuri. Muka je. Babura na jere a rumfa cikin leda, da ƙyalle a sama an rubuta cewa an ƙera su musamman don hanyoyin Arewa. Kariya mai kauri, sifirin biyu a kowane gefe, an kuma ƙara wa ƙashin tsakiya ƙarfi. Mai kula da reshen ya san shi, ya taso da sauri ya kawo kujera. Alhaji bai zauna ba. Ya tsuguna da ƙyar, gwiwa ta fara ba shi wahala, ya ɗaga leda ya bi bakin waldar da babban yatsa tun daga wannan gefe har wancan. Ya ce aikin ya yi kyau, sai dai Mamman ya fi su cika kusurwa. Sannan ya tambaya ko kuɗinsa ɗaya da tsohon samfuri. Mutumin ya ce a'a, wannan ya ɗara, saboda ƙarin ƙarfen.

Ya dafa kafaɗata ya miƙe. Sai da muka shiga mota ya yi magana.

"Barista, shekara ashirin ina ba mutane abin ga kyauta, anka ce na ɓata masu mashin. Yanzu sun sa mai kuɗi, ya zama ƙira."

Akwai sashen doka da ya bayyana bambancin, na kuma san shi da lambarsa. Na buɗe baki zan kawo masa, sai na ga yana kallon titi ta taga. Na tayar da mota na mayar da shi wurin tayoyinsa.